Launin Da Ya Tafi Ba Sallama

Duk wanda ya taɓa zama da alƙalami don juya wani rubutu daga Turanci zuwa Hausa ya san cewa manyan kalmomi ba su cika ba da wahala ba. Na kimiyya da na shari'a da na siyasa an yi musu kwamiti, an yi musu taro, an tattara su a littafi. Masu kayar da mutum su ne 'yan ƙanana, waɗanda ake gani kullum har a ɗauka an gama saninsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar nan mai haruffa huɗu, wato "fade", wadda Ingilishi ke furtawa kamar "feid". Kowane ɗan makaranta ka tambaya zai ce maka ma'anarta koɗewa, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai mu da muke fama da rubutu da fassara mun daɗe da lura cewa wannan amsa tana biyan bukata ne a wuri ɗaya kawai, alhali kalmar tana shiga wurare da yawa. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan tattauna da mai karatu a kanta, don abin da ke cikinta ya wuce batun zane da rini.

Da farko dai, kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce, baƙuwa ce daga Faransa. Bayan da mutanen Normandi, masu magana da wani karin Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sai Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon lokaci, kalmominsa kuma suka yi ta kwarara cikin Turanci. Wannan da muke magana a kai ta bayyana a rubuce-rubucen Turanci wajejen ƙarni na 14. A tsohon Faransanci tana nufin abin da ya raunana, ko ya yi yaushi, ko ya rasa ɗanɗano. Har yau ɗin nan in Bafaranshe ya furta ta, da nasa lafazin na "fad", galibi abinci yake nufi wanda ya yi lami, ba gishiri ba yaji. Ke nan da za a rubuta haruffan nan huɗu a allo, a kira Bakatsine da ya yi boko da Turanci da Bamaraɗe da ya yi nasa da Faransanci, ɗaya zane zai hango a kan igiyar shanya, ɗayan kuwa miya zai hango a kwano. Kowannensu kuma yana da gaskiya.

Da ta zauna a Ingila sai ta yi rassa. Bature yana amfani da ita ga labulen da rana ta ci, da furen da ya kwana uku da tsinkewa, da hasken yamma dab da magariba, da amon ganga in makaɗi ya yi nisa. Yana amfani da ita ga fuskar mamaci da ta fara ɓace wa mai tunawa, da fatan da aka daɗe ana yi har aka fara saduda, da majinyacin da ƙarfinsa ke raguwa kullum, da ɗan tseren da ya fara da zafi ya gaji kafin ƙarshen fage. Mu da muka tashi da sauraren rediyo a gajeren zango mun san yadda muryar mai karanta labarai kan tafi ta dawo kamar iska na wasa da ita; wannan ma sunansa ke nan a wurinsu. Masu shirya fim suna kiran duhun da kan lulluɓe hoto kaɗan-kaɗan a ƙarshen fitowa da ita, har ma sukan juya ta, su kira fitowar hoto daga duhu da ita. Direban babbar mota da ya daɗe yana taka birki a gangare har birkin ya yi zafi ya rage kamu, ita yake kira. Hatta askin nan na samari, wanda gashi ke raguwa daga tsakar ka zuwa ƙeya ba tare da an ga iyaka ba, da ita aka raɗa masa suna.

To, me ya haɗa labule da birki da aski? In mai karatu ya duba da kyau zai ga cewa kalmar ba ta damu da abin da aka rasa ba, ko launi ne, ko sauti, ko ƙarfi. Abin da ta riƙe shi ne yadda aka rasa shi: sannu a hankali, ba ranar da za a nuna a ce yau ne abin ya faru. Tulu in ya fashe an san sa'ar da ya fashe, an kuma san hannun da ya faɗo daga gare shi. Amma babu matar da za ta iya faɗin ranar da zanenta ya koɗe. Wata rana ce kawai za ta warware lanƙwasar da ke ciki, wadda rana ba ta taɓa gani ba, ta kara ta da sauran jikin zanen, sai ta ga ashe launin ya daɗe da tafiya, bai yi sallama ba.

Hausa kuwa wata hanya ta bi. Maimakon kalma ɗaya ta ɗauki kayan duka, sai ta raba wa kowace nata. Tufa da fentin bango koɗewa suke yi. Fitila da ido dushewa suke yi. Murya dusashewa take yi, haka ma tauraron wanda duniya ta daina yayinsa. Ganye da fure yaushi suke yi, in abin ya yi nisa su yanƙwane. Miya salancewa take yi, har hira ma takan salance in an rasa abin faɗi. Hankali da tunani gushewa suke yi. Mutum kuwa, in jini ya yi masa ƙaranci, ɗashewa yake yi. Bakwai ke nan, kuma ba mu ce mun ƙure ba. Wannan rabo ba ado ba ne kawai. Uwa in ta kai ɗanta asibiti ta ce ya ɗashe, ta riga ta yi wa ma'aikacin lafiya rabin aiki, don nan take zai duba tafin hannun yaron da cikin fatar idonsa. Da cewa ta yi ya koɗe, da wani labarin ta bayar, na wahala da rashin kulawa. Mai fassarar da ya ga kalmar Turancin nan ya rubuta koɗewa ko'ina, zai wayi gari ya ce murya ta koɗe, ko magariba ta koɗe, mai karatu kuma ya ji abin banbaraƙwai ko da bai iya faɗin inda gizo ke saƙar ba.

Amma adalci shi ne mu faɗi abin da tasu ta fi tamu. Kalmominmu suna gaya maka abin da ya lalace, ba kullum suke gaya maka cewa a hankali ya lalace ba. Hankali yakan gushe farat ɗaya, murya takan dusashe a dare ɗaya. Don haka sau da yawa sai mun ƙara da "kaɗan-kaɗan" ko "sannu a hankali" kafin mu cimma abin da Bature ya faɗa da gaɓa ɗaya. Kowane harshe da inda ya zuba idonsa.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa da koɗewa, alhali harsunan biyu duk sun raba su. Na farko shi ne zuba. Tambayar farko da mace kan yi wa mai atamfa a Kantin Kwari, tun kafin ta taya, ita ce, "Malam, tana zuba?" Zuba a wankin farko take bayyana, ruwan baho ya rine, farar rigar da aka haɗa da ita ta ɓaci. Bature a nan cewa yake launin ya gudu. Zuba tana da mai laifi, ko rinin ne bai kama ba ko an yi ha'inci. Koɗewa kuwa aikin shekaru ne, ba wanda za a kai ƙara. Na biyu shi ne cire launi da gangan ta hanyar sinadari, wanda Turanci ya ba shi kalma dabam, mu kuma muka are ta muka ce bilicin, muka fi jingina ta ga masu shafe-shafen canza fata. Iyayenmu mata ba su karanta wannan a littafi ba, amma mun tashi mun ga suna juya zane bai kafin su shanya, suna neman inuwa, suna kwashe shanya da zarar ta sha iska, na fita unguwa kuma yana can ƙasan akwati. Sun san wane ne ɓarawon.

Masana kimiyya sun tabbatar musu da zarginsu. Abin da muke kira launi shi ne, ƙwayoyin rini suna shanye wani ɓangare na haske su maido da saura, abin da suka maido shi ido ke gani. To, a cikin hasken rana akwai ƙarfin da ke tsinka ɗaurin da ya haɗa waɗannan ƙwayoyi, musamman wani ɓangare nasa da ido ba ya gani, iska da zafi da danshi kuma suna taya shi. Ƙwayar da ta tsinke ta daina aikinta ke nan har abada, ɓarnar kuma taruwa take yi, ta yau a kan ta jiya. Masu masaƙu har ma'auni suke da shi: ƙyallayen ulu guda 8 da aka rina shuɗi, na 1 ya fi saurin koɗewa, na 8 ya fi juriya, kowanne kuma yana jure kusan ninki biyu na wanda ke gabaninsa. Sai a shanya su tare da yadin da ake gwadawa, a ga da wanne ya yi tafiya. Wannan ne kuma dalilin da ya sa gidajen tarihi kan rage hasken ɗakin da suka ajiye tsofaffin tufafi da takardu.

Launuka ba tare suke tafiya ba, kuma nan ne abin yake da ban tsoro, don abin da ya rage yakan yi kama da gaskiya. A shekarar 1888, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, Vincent van Gogh, ya zana ɗakin kwanansa a garin Arles na kudancin Faransa. A wasiƙar da ya aika wa ƙanensa ya bayyana cewa bangon ɗakin shunayya ne mai haske. Wanda ya je Amstadam yau ya tsaya gaban zanen, bango shuɗi zai gani. Shunayya haɗin ja da shuɗi ne. Jan da ya yi amfani da shi ba ya jure haske, sai ya sulale ya bar abokin tafiyarsa. Mutane da yawa sun kalli zanen sun yaba shuɗin da mai zanen bai nufa ba. Ba sai mun je Turai ba ma. Dubi fastocin 'yan takara da ke manne a bango wata shida bayan zaɓe, ko bangon littattafan da ke shimfiɗe a rana a bakin titi: ja da rawaya sun gudu, fuskar kowa ta koma shuɗiya kamar wanda ya kwana a marina.

Tunda mun ambaci marina, bari mu tsaya a nan kaɗan, don mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, shaida ce. Baturen Jamus nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marini yakan zuba baba da ruwan toka a rami, ya yi ta motsawa da muciya kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. In ya tsoma zane ya ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Sirrin shi ne, baba ba ya narkewa ya zama ɗaya da zaren auduga, maƙalewa yake yi a jikinsa. Saboda haka ya fi jure rana a kan rini da yawa, amma guga da gogayya suna kankare shi. Mutanen Kura suka ɗauki wannan hali suka mai da shi abin alfahari: a kai turkudi mabuga, a buga masa shuni har ya riƙa walƙiya, Buzaye su saya da tsada su yi rawani, shunin ya riƙa sauka a fuska da hannu. Ana cewa daga nan ne muka samo kiran attajirai da masu hannu da shuni. Ashe ke nan ba kowane launin da ya bar tufa ne abin kunya ba. Akwai wanda barinsa shi ne shaidar tsadarsa. Daɗin daɗawa, rigar da ta koɗe a wancan zamani ba a yar da ita, marina ake mayar da ita ta dawo sabuwa. Har ɓarayi sun san da haka, shi ya sa masu iya magana suka ce an san a rina, wai an saci zanen mahaukaciya.

Wannan baban dai shi ne a jikin wandon jins, sai dai yanzu na masana'anta ne, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da wanda aka haɗa da sinadari a 1897. Wandon da Levi Strauss da Jacob Davis suka yi wa rajista a Amurka a 1873 na leburori ne da masu haƙar ma'adinai. Zarensa bayansa kawai ke shan rini, cikinsa fari ne, don haka gwiwa da cinya da bakin aljihu sukan yi fari gwargwadon aikin mai shi. Da tafiya ta yi tafiya sai koɗewar ta zama abin so, har a shekarun 1980 ya zama ruwan dare kamfanoni su wanke sabon wando da duwatsu don ya fito kamar ya sha jiki. A nan kalmar da muke magana a kai ta tashi daga aibu ta koma talla. Kakanninmu suna biyan kuɗi a ƙara wa riga shuni, jikokinsu suna biya a rage.

Mai karatu zai iya cewa, to mu marubuta ina ruwanmu? Ruwanmu ya kai har wuya, don duk abin da muka mallaka a kan takarda yake. Tawadar da ɗan makarantar allo ke haɗawa da gawayi da ƙaro, ruwa yana wanke ta, amma rana ba ta iya mata komai, don gawayi ba ya koɗewa. Biro kuwa yakan jure yayyafi, amma bar rubutunsa a taga shekara guda ka gani. Hotunan kakanninmu na baƙi da fari, waɗanda sinadarin azurfa ne ya fitar da su, suna nan garau, amma masu launi na bukukuwan shekarun 1980 da yawa sun koma ja-ja, amarya da ƙawayenta duk anko ɗaya. Tsohuwar jarida ita kuma ba koɗewa take yi ba, ja take yi ta riƙa karyewa, saboda wani sinadarin itace da ya rage a cikin takardarta. Mafi muni ita ce 'yar takardar nan da na'urar cirar kuɗi ke turowa. Ba tawada a jikinta ko ɗigo, zafi ne ke fito da rubutun, zafi da haske kuma su ke share shi. Mutane nawa ne suka adana ta a matsayin shaidar biya, ranar da rigima ta tashi suka buɗe jaka suka tarar da farar takarda? Wanda ya san halin kowace irin koɗewa shi ne zai san abin da zai kwafa, da abin da zai ɗauki hotonsa, da abin da zai ɓoye wa rana.

Sai dai akwai wata koɗewar da ta fi damunmu, ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. A 'yan shekarun nan kunnenmu yana yawan jin samari da 'yanmata suna cewa riga ta yi fedin, hoto ya yi fedin, har soyayya ma ta yi fedin. Mu ba masu ƙin aro ba ne. Alƙalamin da ke hannunmu da littafin da ke gabanmu sunayensu daga Larabci suke, teburin da muka dogara a kai daga Turanci, kuma mun riga mun ga cewa Turancin ma aro ya yi daga Faransanci. Amma aro iri biyu ne. Akwai baƙon da kan zo da kayan da babu su a gida, kamar mota da rediyo, wannan maraba da shi. Akwai kuma wanda kan zo hannu rabbana, ya tarar da 'yan gida bakwai kowa da aikinsa, ya sallame su ya ce shi kaɗai ya isa. Yaron da ya tashi da fedin kaɗai a bakinsa ba zai rasa abin faɗi ba, amma zai rasa bambancin ɗashewa da dushewa, kuma ba zai san ya rasa ba, kamar mai kallon bangon nan shuɗi. Tambayi ɗan birni yau ma'anar karofi, ko katsi, ko mabuga. Ramukan rini da yawa sun bushe, kalmominsu kuma suna bin su a baya, ba kuma wanda zai iya nuna ranar da suka tafi.

Gaskiya ne magabata sun yi ƙoƙari. Ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, sun killace dubban kalmomi. Amma kalma ba zane ba ce da za a ce ƙasan akwati ya fi mata. Zane sawa ke koɗar da shi, kalma kuwa ajiya ke koɗar da ita. In ana so ta riƙe launinta sai an fito da ita rana, an sa ta a bakin jarumar labari, an sa ta a baitin waƙa, an sa ta a wasan kwaikwayo, yaro ya ji ya tambayi kakarsa.

Saboda haka roƙonmu ga 'yan'uwa marubuta da masu fassara, na jarida da na rediyo da na fim, ɗan kaɗan ne. Duk lokacin da kalmar nan ta Turanci ta gifta a gabanmu, ko ta faɗo mana a rai muna tsakiyar rubutu, mu dakata mu tambayi kanmu: mene ne ya tafi, launi ne ko haske, murya ce ko ɗanɗano, jini ne ko tunani? Amsar ita za ta miƙo mana kalmar da ta dace, don tana nan, ba ta mutu ba, jiran mai kira take yi. Wadda muka ga ta fara fari-fari kuma, mu mayar da ita marina tun zaren bai mutu ba. Allah ya sa mu dace.